Wane irin kare ne zai zauna lafiya da ƙananan yara?

Salam jama'a. Yarana uku, babban shekara 9, autar 2, tsakar gidan kuma babu faɗi. Na fara ɗauko kwikwiyon Border Collie, irin karen kiwon tumaki, sai ya mai da yaran tumaki: da sun ruga, ya bi su yana cizon diddige. Na mayar da shi. Na gwada Beagle mako biyu. Haƙuri da yara kam akwai, amma haushi ba dare ba rana, kuma da ya shinshino wani abu ya fice, kira ba ya ji. Ana ta ce min Labrador, ni kuwa nauyinsa nake tsoro, wajen kilo 30, kar ya bangaje autar.

Awa ɗaya kacal nake da ita kullum ta fita da kare. Wane iri ya dace da mu?