Dan Allah ku ba ni shawara, wai baƙin cikina ne ya sa wa Mama ciwon daji?

Ɓoyayyiya: Assalamu alaikum 'yan gida, admin dan Allah a ɓoye sunana. Aurena ne ya mutu bara, kuma wlh ba da son raina ba, mutumin nan sai ya share wata bai ajiye ko ƙwayar shinkafa ba, ga uwarsa kullum tana ɗakina tana buɗe-buɗen tukwane, ƙannensa su ɗauki zannuwana ba tambaya, na kai ƙara wajen Kawu ya ce in yi haƙuri, na yi ta yi har ranar da ya mare ni gaban yara shi ne na tattaro na dawo gida. Mama ba ta so ba sam, abinci ma sai an matsa mata, da dare in ji tana kuka kan sallaya. To kwanaki aka ji ƙulli a nononta na hagu, asibiti suka ce daji ne sai an cire. Yanzu Gwaggo ta tara dangi ta ce ni ce sila, wai baƙin cikin zawarcina ne ya taru ya dunƙule mata. Ko bacci ba na iya yi. Da gaske damuwa na kawo daji? Tsohon mijin ya aiko biko, in na koma ciwon zai lafa?

Ummu Affan: Wayyo Allah ya ba Mama lafiya. Dangin miji ai sai addu'a, ni tawa surukar har ma'ajin garin tuwo take riƙe makullinsa, shekara nawa ina haɗiye abu ga shi yanzu ina shan maganin hawan jini safe da yamma.

Abu Sumayya: 'Yar uwa gaskiya ɗaci gare ta amma Gwaggonki ba ta yi ƙarya ba. Duk wata cuta daga zuciya take farawa. Baƙin ciki yana ƙona jini, jinin da ya ƙone shi ke taruwa ya zama ƙari. Olsa, hawan jini, suga, daji, duk uwarsu ɗaya. Ki koma ɗakinki ki faranta wa mahaifiyarki, za ki ba ni labari.

Maman Ilham: Malam ka ji tsoron Allah kada ka ɗora wa yarinya kayan da ba nata ba. Ni nas ce. Damuwa tana taɓa jiki ba musu, tana hana bacci, tana ɗaga hawan jini, tana hana cin abinci mutum ya rame, mai shan taba ya ƙara sha. Amma manyan binciken da aka bi mata masu yawa tsawon shekaru ba su nuna cewa ɓacin rai na haifar da sankarar mama ba. Kuma ƙullin da har hannu ke iya ji galibi ya daɗe yana girma a ɓoye, yana iya girmar mutuwar aurenki ma. Abin da aka sani yana ƙara haɗarinta dai shi ne shekaru, da gadon wasu ƙwayoyin halitta masu matsala irin BRCA1 da BRCA2, da ƙiba bayan ɗaukewar al'ada. Dajin hanta kuwa ciwon hanta na Hepatitis B ne kan gaba, sai gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Na bakin mahaifa ƙwayar HPV ce, shi ya sa a Oktoban 2023 aka fara yi wa yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a Najeriya. Olsar da ka ambata ma, da can kowa damuwa yake cewa, sai wasu likitocin Ostiraliya biyu suka gano ƙwayar cuta ce a ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ƙanwata, an ɗebi tsoka an gwada ne? Mataki na nawa suka ce yake?

Ɓoyayyiya: Anti ban san mataki ba, takardun suna hannun Yaya. Ba mu koma asibitin ba tukuna, akwai wani mai magani da aka haɗa mu da shi yana ba ta na sha da na shafawa, ya ce in ƙarfe ya taɓa daji yaɗuwa yake. Kuma ba wai mun ƙi asibiti ba ne, Mama ce ta ce ba za a yanke mata nono ba da girmanta, ni ya zan yi in tilasta ta bayan ana cewa ni na jawo?

Abu Sumayya: Mai maganin nan ya san aikinsa. Kowa ya san wuƙa ba ta shiri da daji. Bature ya san jiki ne kawai bai san zuciya ba.

Maman Ilham: Jinkiri ne ke yaɗa shi ba wuƙa ba. Ana kawo mana su sai wurin ya fashe yana ruwa, in aka yi aiki ba a dace ba a ce wuƙa ce. Ki karɓo takardun nan, in ma gashi za a yi, wato ƙona dajin da hasken na'ura, akwai sashensa a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya.

Hajiya Babba: Ni dai na ji an ce saka waya cikin rigar mama da sinadarin ɗanɗano ne ke kawo daji, ko da yake ban san gaskiyarsa ba. Da can iyayenmu da daddawa suke miya wa ya san wani daji?

Ɗan Baiwa: Asibiti asibiti, da wane kuɗi? Mu gonar gado muka sayar kan yayata, allurar kemo ɗaya, wato ta kashe daji, kuɗin wani ɗan sa, gashinta ya zube, ranar da muka je gashi aka ce na'ura ta lalace mu dawo. Masu ba da shawara ba su ke biya ba.

Ummu Affan: Amma dai kar ki koma wa mai duka, ko me za su ce.

Abu Sumayya: Kin ji irinta, masu kashe wa mutane aure. Ni na gama magana, aljannarki tana ƙarƙashin ƙafar Mamanki, ki zaɓa.

Ɓoyayyiya: Na gode duka. Za mu bari ta gama wannan jarkar tukuna mu gani, dan ta ce tun da ta fara sha take samun bacci. Maganar komawa kuma Kawu ya ce a zauna ranar Juma'a.

Maman Ilham: Bacci daban ƙulli daban. Ya ragu ne ko ya ƙaru? Akwai kaluluwa a hammatarta?

Hajiya Babba: Dan Allah mai maganin nan yana ba da na sanyin ƙashi?