Neman kalma: wane suna za mu ba wannan keken da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Ina neman masu Hausa a baki, musamman masu gyaran keke da waɗanda suka daɗe a kan sirdi. Keken nan nake nufi da Turawa ke ce wa mountain bike, mai kaurin taya da miƙaƙƙen kai da giya rututu. Wata biyu ke nan ina fama da wani tsoho ina son in tashe shi, kuma duk sanda na shiga kasuwa sai bakina ya rasa sunan da zai kama. Ku yi haƙuri da tsawon zaren, sai na faɗi yadda aka yi kafin in kawo sunan da na tsaya a kai.

Keken na kawuna ne. Keke ne ɗan Beljiyam, kawu ya saye shi na hannu tun ina sakandare, ya yi shekaru yana zirga-zirga da shi tsakanin Yelwa da cikin garin Bauchi. Da gwiwa ta fara damunsa sai ya jingine shi a bayan ɗaki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin acaɓa ya fara cin albashina, sai keken ya faɗo mini a rai. Na je na gaishe shi, na ce, "Kawu, keken nan na bayan ɗaki fa?" Ya ce, "Ɗauka. In ka iya tashinsa, naka ne."

Da na jawo shi fili, tayoyin duk sun tsattsage, sarƙar ta daskare da tsatsa har tana miƙewa kamar sanda, wayar birkin baya ta tsinke, zanzaro ya yi gini a ƙarƙashin sirdi. Amma gangar jikin ƙarfe ce, ba lanƙwasa, ba tsaga a wuraren walda. Na tura shi wurin wani dattijo mai gyara a gindin darbejiyar unguwarmu. Ya kifa shi a kan sirdi da kai, ya juya tayar baya yana sauraro, ya ce, "Malam, kada ka sayi komai tukuna. A wanke shi, shi zai faɗa mana abin da yake so."

Wannan maganar ta Baba ita ta rage mini kashe kuɗi. Kananzir da tsohon buroshin haƙori suka yi rabin aikin. Muka buɗe tsakiyar ƙafafun muka wanke boris, muka zubar da ƙwayoyin da suka yi tabo, muka cusa sabon giris. Abin da ya zama dole a saya sabo kaɗan ne: sarƙa, wayoyin birki da na giya, robar birki, da tiyub biyu. Sirdi da taya ɗaya daga jikin wani mataccen keke muka ciro su wurin 'yan jari bola. Ga mai shirin irin wannan aikin kuma, fedar hagu a juye ake kwance ta. Wanda bai sani ba zai yi ta danna sifana yana ƙara ɗaure ta har haƙoran su lalace.

A wurin sarƙa ne maganar suna ta taso. Na aiki ƙanena, na ce ya sayo sarƙar keke. Ya je ya faɗa yadda na faɗa, aka ba shi sarƙar keke, irin ta Phoenix da Raleigh. Mai shago bai yi laifi ba, abin da aka tambaya ya bayar. A ido kusan ɗaya suke, domin tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ce a dukkansu. Faɗin ne ya bambanta: ta keken da ba giya 1/8 na inci ce, ta irin nawa mai faifai bakwai a baya 3/32. Mai kaurin ba ta shiga tsakanin faifan, sai ta riƙa hawa tana gogar maƙwabci. Taya ma haka. Phoenix inci 28 yake sawa, nawa 26. Yaro ya koma, mai shago ya ce, "Wane irin keke ne?" Ya tsaya yana kwatance da hannu.

Daga ranar na fara kasa kunne. Cikin mako guda na ji suna huɗu. Wani ya ce mawuntin. Wani ya ce keken sifot. Wani ya ce ɗan Beljiyam. Mafi yawa cewa suke keke mai giya.

Ɗan Beljiyam ba sunan iri ba ne, firiji ma ɗan Beljiyam ne, mota ma haka. Sifot kuwa yana haɗe shi da siririn keken tsere mai lanƙwasasshen kai, wanda tayarsa ba ta kai kaurin babban yatsa biyu ba, kuma kayansu ba ɗaya ba ne. Keke mai giya ya fi kusa, amma na tseren ma yana da giya, ga shi kuma a rubuce giyar keke da giyar sha harafinsu ɗaya.

Na san da yawanku za ku ce ai mai sauƙi ne, a fassara kawai: keken dutse, ko keken tsauni. Nan ne na fi daɗewa ina tunani, kuma ban yarda ba. Mu mutanen Bauchi mun san dutse, a tsakiyarsa muke kwana. Wanda ya taɓa bin hanyar Dass ya ga duwatsun Mbula, ko ya ɗaga kai ya kalli Zaranda a hanyar Jos, ya san ba wanda zai hau waɗannan faifan duwatsun da keke. Abin da muke hawa da shi hanyar gona ce, da burji, da lungun da ruwan damina ya zaizaye, da kwaltar da ta farfashe. Idan ka ce wa mutumin Azare ko Misau keken dutse, ka gaya masa ba nasa ba ne, alhali yashi da ramukan hanyarsa su ne ainihin abin da aka yi faffaɗar tayar nan dominsu.

Su kansu masu sunan ba daga sama ya faɗo musu ba. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa kwaso tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940, suna ɗaura musu birki mai ƙarfi da giya daga jikin wasu kekunan, wato irin aikin da ni da Baba muke yi a gindin darbejiya. Sunan da suka ba su klunker, kusan abin da mu za mu ce akwala. A 1976 suka fara tsere a wata hanyar ƙasa mai gangara, suka sa mata suna Repack, saboda kafin mutum ya kai ƙasa zafin birki ya ƙone giris ɗin tsakiyar ƙafar baya, sai an sake cusa wani. Kun ga daga bakin masu gyara sunan ya fito. MountainBikes kuwa sunan kamfanin da Gary Fisher da Charlie Kelly suka buɗe ne a 1979, sai ya bi keken ya zauna, musamman bayan kamfanin Specialized ya fara ƙera Stumpjumper da yawa a 1981. Zuwa 1996 har ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta. Faransawa da abin ya isa gare su ba su ɗauki maganar dutse ba sam, suka ce VTT, ma'ana keken da ke bin kowace irin ƙasa. In su sun duba aikin keken suka ba shi suna, me zai hana mu?

Sunan da na kawo shi ne keken gargada. Jam'i, kekunan gargada.

Gargada kalmarmu ce, kowa ya san ta, daga direban tasha har tsohuwar da aka ɗauko a bayan a-kori-kura. Ta haɗa rami da tsakuwa da kunyar da burji ke yi bayan damina. Kuma duk abin da ya raba keken nan da sauran kekuna amsa ce ga gargada. Tayar mai faɗi da haƙora don ta kama ƙasa. Miƙaƙƙen kai don hannu ya riƙe shi idan yana tsalle. Faifai uku a gaba, bakwai a baya, giya 21 ke nan a nawa, don ƙafa ta sami sauƙi a hawa da cikin yashi. Wasu har da shakazoba a gaba. Ba ni na fara furta kalmar a kansa ba ma. Ranar da muka gama ɗaure ƙafar baya, Baba ya buga tayar da tafin hannu ya ce, "Wannan ai ɗan shan gargada ne, Malam." Ni dai na tsince ta ne.

Ƙari, bayan sallar isha'i. Na gode da amsoshinku, na karanta duka.

Wata malama ta ce keken gargada zai iya zama kamar keken ne ke gargada, yadda ake cewa yaro yana karatu da gargada. Malama, maganarki abar dubawa ce, ni ma ta tsaya mini. Amma ki duba rigar sanyi. Ba wanda ya taɓa ɗauka riga ce mai sanyi. Haka rigar ruwa, haka gidan sauro, wanda ba sauro ne ke kwana a ciki ba. Hausa ta saba sa wa abu sunan wahalar da yake karewa, kunne kuma ba ya ruɗewa.

Wani ɗan uwa daga Gombe ya kawo keken burji. Wannan ya burge ni ƙwarai, da ba don gargada ba shi zan ɗauka. Inda ya gaza shi ne burji hanya ce guda, wadda aka zuba wa jar ƙasa aka daddanne. 'Yar siririyar hanyar da ke ratsa gonaki ba burji ba ce, lungun unguwa ma ba burji ba ne, kuma duk yana bin su. Masu keken daji kuma, ku yi haƙuri, a wannan zamanin ba na son a ji matashi yana neman kayan wani abu na daji a kasuwa. Keken ƙauye kuwa yana da mai shi tuntuni: Phoenix ɗin da ke ɗaukar buhun masara da jarkoki huɗu a kariya, ba wanda zai ƙwace masa wannan sunan.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta mai gyaran da ya rubuto cewa: mun karɓi feda, mun karɓi birki da boris da firiwil, me ya sa mawuntin kaɗai za a kora? Maigida, gaskiyarka, kuma ba ni da faɗa da aron kalma. Keke ma da sirdin doki yake yawo, Hausa ba ta taɓa jin kunyar ɗauko abu daga nan ta ɗora a can ba. Da a ce mawuntin ta zauna kamar yadda feda ta zauna, da ban buɗe wannan zaren ba. Feda ko'ina ka je feda ce. Mawuntin kuwa shago uku na faɗe ta, ɗaya ne ya gane ba tare da na ƙara bayani ba. Tunda wurin bai riga ya cika ba, gara a sa kalmar da yaron da aka aika zai riƙe, mai shago kuma ya ji ta ya san sarƙa siririya zai miƙo da taya 26.

Masu cewa sha-gargada ya fi daɗin faɗa, ban musa ba. Irin ginin a-kori-kura ne da a-daidaita-sahu, wanda ya samo suna daga shirin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano ya bi babur mai ƙafa uku ya manne. Irin waɗannan sunayen titi ne ke yanke hukunci a kansu. A rubutu zan riƙa sa keken gargada, in kasuwa ta gajarta shi zuwa sha-gargada, asalin ɗaya ne.

Jiya da safe na gwada shi a hanyar Gubi, na sauka daga kwalta na bi ta cikin gonaki. Ya tafi lafiya, sai dai idan na nemi faifan da ya fi girma a baya sarƙar tana ƙara tana son faɗawa cikin sifok. Baba ya duba ya ce ƙarfen nan mai 'yan ƙananan wili biyu da ke rataye a ƙafar baya, wanda ke ture sarƙa daga faifai zuwa faifai, ya ɗan lanƙwashe ciki. Yana da sukuru biyu, ɗaya da alamar H ɗaya da L, su ke yi wa sarƙa iyaka ta waje da ta ciki. Mun ɗaure na L, ya rage amma bai daina ba, dole a nemo wani na hannu.

Shi ma ga shi ba mu da suna ɗaya a kansa. Turawa daga Faransanci suka aro nasu, derailleur, daga kalmar da ke nufin jirgin ƙasa ya goce daga kan layi. Baba canja yake ce masa. Ni zuciyata ta karkata ga masauyin sarƙa, a kan ginin mabuɗi da makulli da matsefi, amma in canja ita ce a bakin masu gyara ko'ina, na bar tawa na bi tasu. Mutanen Gombe, da na Azare, da na Ningi, ku tambayar mini masu gyaran unguwarku me suke ce masa. Ranar Asabar zan shiga kasuwa nemansa, mai ɗaukar faifai bakwai, kuma ina so in shiga da sunansa a bakina.