Abin da aka tattara kan aikin annabawa

Ga abin da na tsinta daga doguwar muhawarar da aka yi kan aikin annabawa a Littafi Mai Tsarki, da ko annabci yana nan har yau:

1. Kusan kowa ya yarda annabi kakakin Allah ne, ba mai duba ba. An yi ta kawo Natan, wanda ya tunkari Sarki Dawuda ya faɗa masa laifinsa ƙiri-ƙiri kan matar Uriya.

2. Kiran annabi da wuya. Irmiya har rijiya mai laka aka jefa shi.

3. Nan aka rabu: wasu sun ce annabci ya ƙare da zamanin manzannin Yesu, wasu suka kafa hujja da 1 Korintiyawa 14 cewa baiwar tana nan.

4. An haɗu kan 1 Yohanna 4:1, wato a gwada kowane ruhu. Masu karɓar kuɗi kafin annabci kuwa, ko mutum ɗaya bai kare su ba.