Albam ɗin da kuka ƙi da farko, daga baya ya shiga ranku

Kunnen Dare:
Jama'a, ku zo mu ji ta bakinku. Wane albam ne kuka saurara karon farko kuka rasa abin da ake yabo, daga baya kuma ya kama ku? Ni nawa *Kid A* ne na Radiohead, na 2000. Na zo masa da kunnen albam ɗinsu *OK Computer* na 1997, ina jiran jita, sai na tarar da kiɗan na'ura, muryar mawaƙinsu Thom Yorke kuma an yayyanka ta an jujjuya. Ban kai waƙa ta uku ba na kashe. Bayan wata shida, wani dare barci ya ƙi zuwa, na sa iyafis na bar shi yana tafiya. Ashe abin da nake nema yana waƙa ta huɗu, "How to Disappear Completely". Da goge ya fara shigowa a hankali ta bayan muryar, tsikar jikina ta tashi. Har gobe ba na jin sa da rana.

Mai Jita:
Ɗan'uwa, naka da sauƙi. Ranar da na kunna *Loveless* na My Bloody Valentine, na 1991, na ɗauka sifika ce ta lalace, har na tashi na duba waya. Sauti yana lanƙwasa kamar kaset ɗin da ya sha rana, muryoyin kuma an binne su can ƙasa. Daga baya na gane da gangan ne: mai jitarsu Kevin Shields yana riƙe da ɗan ƙarfen nan na jikin jita yana lanƙwasa sautin a lokacin da yake kaɗawa. Kuskurena shi ne rage ƙara. Ka ƙure masa murya, ka daina neman kalmomin.

Baƙuwa:
Ni fa ban dace ba. *In the Aeroplane Over the Sea* na Neutral Milk Hotel, sau biyar ina gwadawa. Na san labarin Anne Frank, yarinyar nan Bayahudiya da ta rubuta labarin rayuwarta a inda suka ɓuya daga 'yan Nazi, shi ne ya taɓa mawaƙinsu Jeff Mangum a wannan albam ɗin, kuma ina girmama hakan, amma muryarsa tana sukar kunnena.

Yaya Babba:
Ƙanwata, kada ki tilasta wa kanki, ajiye shi. Haka na yi da *Carrie & Lowell* na Sufjan Stevens da ya fito a 2015. Na ce wannan raɗa ce kawai da 'yar jita, ba kiɗa ba. A kan mahaifiyarsa Carrie ya yi shi, wadda ta rasu a 2012. Da tawa ta rasu, ina ninke kayanta ni kaɗai a ɗakinta, na kunna shi don kawai shirun ya yi mini yawa. Da aka zo "Fourth of July" na zauna a bakin gado da mayafinta a hannuna, na kasa tashi har albam ɗin ya ƙare.

Kunnen Dare:
Allah ya jiƙanta, Yaya. Daren nan zan neme shi.