Waɗanda suka fara aikin jarida a bakin iyakar Illela a 2023, ku ba mu labari

Nafisa, Mabera:
Assalamu alaikum yayyena. Na karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar Ɗanfodiyo, na gama bautar ƙasa, kuma burina in zama 'yar jarida mai bin harkokin ƙasashen waje. Duk wanda na tuntuɓa sai ya ce in tattara in nufi Abuja ko Legas. Amma na lura da yawanku a nan gida kuka fara, lokacin da sojojin Nijar suka hamɓarar da shugaban ƙasarsu Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, aka garƙame iyaka. Don Allah ku faɗa min yadda ta kaya, har da katoɓarar da kuka yi.

Shehu, Runjin Sambo:
Wa alaikis salam ƙanwata. Tunda katoɓara kike so, ga tawa.

Ina zaman kashe wando wani abokin yayana ya kira ni, wai wani Bature ɗan jarida na neman wanda zai yi masa jagora da tafinta zuwa Illela. Na ce ai Hausa ce, a nono na sha ta. Muka isa muka tarar da manyan motoci jere har ido ya gaza, direbobi sun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin tirela suna dafa shayi, warin albasar da ta fara ruɓa ya cika wurin. Muka sami wani ɗan kasuwa mutumin Ƙonni ta Nijar, yana ta fifita da hularsa, ya ce: "Wallahi yaro, hasarar da ni yi ta kai jikka ɗari biyat."

Ni a sanina jaka naira ɗari biyu ce, haka kakata ke lissafi. Nan take na buga a kai, na ce wa Bature naira dubu ɗari. Har ya rubuta. Direbanmu, wanda ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba, ya ja ni gefe ya ce: "Malam, wanga mutum da sefa shika lissafi. Jikka guda sefa dubu ce." Wato sefa dubu ɗari biyar mutumin ke nufi, kuɗin da ya ninka abin da na faɗa sau da yawa. Na koma da kunya na gyara. A ranar kuma na san cewa dala a bakin mutanen Nijar sefa biyar ce, ba kuɗin Amurka ba. Har yau in Banijare ya faɗa min adadi, sai na miƙa masa waya ya danna lambobin da hannunsa.

Kuɗin aikin kuwa sai da na yi wata uku ina bibiya. Sunana ko a ƙasan rahoton bai fito ba.

Hadiza, Arkilla:
Ni a wani gidan rediyo na nan cikin gari nake koyon aiki, an ɗora ni kan fassara labaran duniya da asuba. Ranar 30 ga Yuli ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi ta ba sojojin wa'adin mako guda, bayan 'yan kwanaki Najeriya kuma ta yanke musu wuta. Da shugabannin suka sake zama a Abuja ranar 10 ga Agusta suka ce a shirya dakarun ko-ta-kwana, sai ni da rawar kai na rubuta shi kamar har sojoji sun ɗaura ɗamara sun kama hanya. Edita bai iso ba, aka karanta haka.

Ba a yi minti goma ba gwaggona da ke aure a Birnin Ƙonni ta kira tana kuka, wai ta kwaso yara ta biyo ta daji ko ta tsaya? Ba ta ma san ni na rubuta ba. Faɗan edita bai dame ni kamar wannan kiran ba. Mu nan abin da ake kira labarin ƙetare, labarin dangi ne.

Abdul, Gawon Nama:
Faransanci, Nafisa, Faransanci! Sanarwar sojojin duk da dare Kanar Amadou Abdramane ke karanta ta a Télé Sahel, gidan talabijin ɗin Nijar, ni kuma ko "bonjour" da ƙyar. Ɗan kawuna da ya yi lakwal (makarantar boko) a Tawa ta Nijar ke fassara min ta saƙon murya, in wutarsu ta ɗauke wayarsa ta mutu, to ni ma aikina ya mutu.

Malam Umaru, Kanwuri:
'Ya'yana, ni ta ɗaya ɓangaren teburin na ga abin, domin ni ke karɓar rahotannin irinku a lokacin. Yara shida suka riƙa turo min, biyu na riƙe. Sauran duk sharhi suke rubuto min kan Faransa da Rasha da yuraniyom, abin da kowa zai iya kwafowa daga intanet yana kwance a ɗaki. Biyun nan kuwa farashin buhun gero suke kawo min, da nawa ɗan kabu-kabu ke karɓa ya tsallaka da mutum ta ɓarauniyar hanya, da sunan garin da aka tsaya. Wannan shi ne abin da na Landan ba shi da shi.

Kuma kada ku raina matsayin garin nan. Tawagar farko da ECOWAS ta tura Yamai ranar 3 ga Agusta, Janar Abdulsalami Abubakar ne da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Ba su ga Janar Tiani, shugaban sojojin da suka karɓi mulki, ba a zuwan farko, sai da tawagar ta koma ranar 19 ga wata ta gana da shi, ta kuma ga Bazoum. Wanda ya san abin da ke tsakanin Sakkwato da Ƙonni da yankin Adar na Nijar tun kafin Turawa su ja layi, ya san dalilin da ya sa aka saka Sarki a ciki.

Ki kuma sani aikin na da ƙaya. A watan nan na Agusta Nijar ta dakatar da RFI da France 24, a Disambar 2024 kuma ta dakatar da BBC na wata uku. Katin aikin jarida da kike alfahari da shi a Illela, kina tsallakawa yana iya zame miki abin ɓoyewa.

Hadiza, Arkilla:
Gaskiya ne Baba. Ni ma wasu masu kayan sarki sun taɓa karɓe min waya suka goge hotunan da na ɗauka kusa da shinge. Tun daga nan nake tura komai kafin in bar wuri.

Nafisa, Mabera:
Allah ya saka da alheri, Baba Malam. Yaya Shehu, yanzu da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren tun Maris ɗin 2024, akwai sauran abin ɗauka a can?

Shehu, Runjin Sambo:
Sosai ma. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ki je ki tambayi 'yan canji da dillalan shanu mi ya sauya musu. Lahadi ce ranar kasuwar Illela. Ki nemi izinin gida, ki zo da ƙanenki, ki cika waya da caji, mu haɗu a tasha ƙarfe bakwai. Direban nan nawa har yanzu ina da lambarsa.