Maganin hawan jini ya sa ni ƙiba, in aje shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 46, ina saida atamfa a babbar kasuwar Maradi. Bayan sallar layya aka auna ni, tansiyo, wato hawan jini, ya kai 17/10, likita ya rubuta mini atenolol da hydrochlorothiazide. Jinin ya sauka, alhamdu lillahi, amma na ƙaru da kilo 4, rigunan sallah duk sun matse ni, ga kasala, tafiya kaɗan sai haki. Kuma ban ƙara ko loma ɗaya kan abin da na saba ci ba. Ƙanwar maigidana ta ce in aje ƙwayoyin in koma zoɓo da tafarnuwa. Don Allah ku ba ni shawara.

Ma'aikaciyar jinya, unguwar Zariya: Wa alaikumus salam Yaya. Kafin komai, kada ki yanke atenolol kwatsam. Jiki ya riga ya saba da shi, in aka tsaida shi dare ɗaya zuciya kan ɗauki gudu, jini ya haura fiye da da. A hankali ake rage shi, kuma likita ke yi.

Zarginki bai faɗi ƙasa ba. Atenolol da 'yan gidansu, metoprolol da propranolol, suna rage bugun zuciya, suna kuma rage yawan abincin da jiki ke ƙonewa ko mutum na zaune. Ga kasalar da ke hana motsi. Sai dai abin da aka saba gani kilo 1 ne zuwa 2, a watannin farko, daga nan ya tsaya. Kilo 4 ya ɗan yi yawa a ɗora wa ƙwaya ɗaya. Shi kuwa hydrochlorothiazide ruwa yake fitarwa ta fitsari, ba ya sa ƙiba, amma yakan ɗaga suga ya rage potasiyom, kuma haɗa shi da atenolol na ƙara kusantar da mutum ga ciwon suga. Ki je a auna miki suga da safe kafin ki karya. Daga giram 1.26 a litar jini (1.26 g/L) zuwa sama, in an sake aunawa an samu haka, ciwon suga ne.

Wani dattijo, unguwar Ali Ɗan Sofo: 'Yata, ki duba ko ruwa ne. Ni amlodipine nake sha, idon sawuna ke kumbura da marece har takalmi ya ƙi shiga. Ki danna ƙwaurinki da yatsa, in ya lotsa ya jima bai taso ba, kumburi ne, ba kitse ba.

Wata 'yar kasuwa: Kai Hajiya, wasu har kuɗi suke kashewa su yi jiki, ke an ba ki kyauta kina kuka! Ni dai zoɓo nake sha kuma lafiyata lau.

Ma'aikaciyar jinya: Anti, zoɓo na ɗan sauke jini, gaskiya ne, amma bai isa ya riƙe 17/10 ba, balle wanda aka cika wa sukari a leda. Baba ma ya yi magana mai kyau: kumburin ƙafa tare da haki abu ne da ba a wasa da shi, sai a duba zuciya da ƙoda. Yaya, ki faɗa wa likita ƙarara cewa kin ƙaru, ki tambaye shi ko akwai dalilin zuciya da ya sa ya zaɓi atenolol. In babu, akwai waɗanda ba su taɓa nauyi, irin su enalapril da losartan, sai dai mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan su. Sannan gishiri: hukumar lafiya ta duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma magi da kanwa duk suna cikin lissafi. Kina shan wani magani na daban? Diclofenac da dexamethasone na 'yan tebur suna tara ruwa a jiki su ɗaga jini.

Mai tambaya: Diclofenac kam ina sha saboda gwiwa, kusan kullum in na taso daga kasuwa. Na danna ƙafar yanzu, ta ɗan lotsa.

Ma'aikaciyar jinya: To ki dakata da shi, paracetamol ya fi miki sauƙi kafin a duba gwiwar. Gobe da safe ki tafi ba ki ci komai ba, ki haɗa kwalayen magungunan duka a jaka, har na teburin, ki nuna wa likita.