Ɗan lido a shafi: in tsaya kan lamba ko in biya a zana min?

Malama Indo:
Assalamu alaikum. 'Yan aji ɗaya nake koyarwa, na haɗa musu ɗan shafin intanet na wasan ƙirga: yaro ya danna, ɗan lido ya fito, ya faɗi nawa ne. Lambobi na sa, daga ⚀ zuwa ⚅, wato ⚀ ⚁ ⚂ ⚃ ⚄ ⚅. A kwamfutata suna fitowa, sai dai ƙanana kamar ƙwayar gero. A tsohuwar wayar ƙanwata kuwa akwatuna shida ne babu komai ciki. Wani yaro ya ce in ba shi dubu goma sha biyar ya zana min hotuna. In biya ko akwai gyara? Ran Litinin zan nuna wa iyaye.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Ki sa 🎲 kawai ki huta, yawancin wayoyi suna da shi.

Na Gwale:
Kai ba ka karanta ba. Wannan fuska ɗaya gare shi, ba ya juyawa. Yaro zai ƙirga abu ɗaya har a tashi makaranta? Malama, lambobinki daidai suke, tun 2002 suke cikin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, daga U+2680 zuwa U+2685. Ƙanƙantar ba matsala ba ce, harafi ne kamar kowane harafi, ki sa masa font-size babba, wato girman rubutu. Akwatunan kuma zubin rubutun da ke wayar ne ba shi da alamar. A Windows, Segoe UI Symbol ne ke fito miki da su. Ki ɗora zubin da ke da su, irin DejaVu Sans, a shafin da kansa ta @font-face, umarnin da ake ɗora zubin rubutu da shi. Ambaton sunansa kawai ba ya wadatarwa in babu shi a wayar.

Baban Sadiya:
Ni dai in na ji an ce alama a shafi sai cikina ya ɗuri ruwa. Bara na yi wa wani mai shago shafi, da ɗan wasan jefa lido na rangwame, wanda ya jefa siki a rage masa kuɗi. Wata uku komai lafiya. Sai masu ajiye mana shafin suka ce za su kwashe mu zuwa sabuwar saba. Da asuba mutumin ya kira ni, ko gaisuwa babu. Na buɗe, inda ⚀ yake sai na ga âš€. Alamar naira ta watse, farashin atamfa ya koma kamar rubutun aljanu. Na kira su, suka ce daga wajena ne. Kwana huɗu ina bin kaya ɗaya bayan ɗaya da hannu, ga wuta babu, ina caji a shagon mai aski. Ƙarshe mai shagon ya riƙe min cikon kuɗina, dubu arba'in, wai na ɓata masa suna. Har yau in mun haɗu a masallaci kowa gabansa yake kallo.

Na Gwale:
Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma naka daban ne. Rubutun da aka ajiye da tsarin UTF-8 aka karanta da wani tsarin daban, Windows-1252, shi ya sa alama ɗaya ta tsage gida uku. Da lambar ka rubuta kamar yadda Malama ta yi, da ba abin da ya taɓa ta, don ⚀ haruffa ne na yau da kullum.

Baban Sadiya:
Yanzu ka zo da "da". Ina kake ranar?

Hajjo Zinder:
Dubu sha biyar don ɗigo ashirin da ɗaya? Ni dubu uku na biya aka yi min duka shidan.

Ɗan Fagge:
Dubu uku a wace shekara, Hajiya? Ko sefa kike nufi? Yanzu ko kwamfuta ba zan kunna a ƙasa da dubu ashirin ba.

Mai Katako:
Kyauta ma ana yi. Murabba'i da da'ira ne a SVG, tsarin zane na shafin intanet, minti goma.

Ɗan Fagge:
Masu cewa kyauta su ne suka kashe mana sana'a. Wanda bai taɓa miƙa wa mai kuɗi aiki ba ya daina ba da shawara kan farashi.

Mai Katako:
Kai da ka ce a sa 🎲 ne za ka tantance mai ba da shawara?

Alhaji Ba Ruwana:
Ni tambayata ɗaya. Malama, iyayen sun san caca za a fara koya wa yara tun daga aji ɗaya? Gobe sai karta.

Malama Indo:
Alhaji, ƙirga ne wallahi. Na Gwale, wancan zubin nawa ne nauyinsa? Iyayen nan data tsada take musu.

Hajjo Zinder:
Ku kuna ta ɗan lido, mu haruffanmu ma ba su tsira ba. Na cike fom a intanet, na rubuta Ɗanladi da ƙugiyarsa, takarda ta fito da alamar tambaya a madadin harafin farko. Aka ce in dawo da shaidar cewa ni ce uwar yaron.

Baban Sadiya:
Abin da ya same ni ke nan! Duk ƙ da ɗ da ɓ na shagon nan sun tafi tare da lidon. "Ƙarin bayani" ya koma abin da ba ya karantuwa.

Na Gwale:
Su ma suna da lamba: ƙ ita ce ƙ, ɗ ɗ, ɓ ɓ.

Mai Katako:
To wa zai zauna yana rubuta lamba duk inda ƙ ta faɗo? Shi ya sa kowa ya koma k da d, har yara sun daina bambance ƙafa da kafa.

Ɗan Fagge:
Laifin masu allon rubutun waya ne, sai ka danne harafi ka jira kafin ƙugiya ta fito, wani ma babu ita sam.

Malama Indo:
Jama'a, yau Asabar fa. Yaron ya sake kira, ya ce ya rage zuwa dubu goma sha biyu.